Littafin yana nan, mai buɗe shi ne ya mutu

Idan ka ci karo da tsohon fayil mai wutsiyar .lit, gwada buɗe shi da Notepad. Abin da za ka fara gani, kuma kusan shi kaɗai za ka iya karantawa, haruffa takwas ne: ITOLITLS. Daga nan sai tarkace, alamomi marasa kan gado da ƙananan akwatuna har ƙasa. A cikin wannan tarkacen kuwa akwai littafi sukutum, da babi-babinsa da bangonsa, ko harafi ɗaya bai zube ba. Kamfanin Microsoft ne ya fito da tsarin a shekarar 2000 tare da manhajarsa ta karatu, Microsoft Reader. An shekara goma da ɗoriya ana sayar da littattafai a cikinsa, sai a 2011 kamfanin ya sanar ya wanke hannunsa. Daga ƙarshen Agustan 2012 ko manhajar ma ba a samunta a wurinsa.

LIT yana da maƙwabta da yawa a wannan maƙabarta. Kamfanin Sony ya zo da nasa, LRF da LRX, a kan na'urorinsa na karatu, ya watsar da su a ƙarshen 2009, sannan a 2014 ya rufe kantinsa na Amurka da Kanada ya miƙa wa Kobo, wani kantin littattafan intanet, abokan cinikinsa. Mobipocket na ƙasar Faransa, wanda Amazon ya saya a 2005 ya gina na'urar karatunsa ta Kindle a kan tsarinsa na MOBI, an rufe shafinsa a 2016. Duk ma'adanar littattafan kwamfuta da ta kwana biyu tana da irin waɗannan fayiloli jibge, kuma duk sa'ad da masu kula da ita suka zauna a kansu, gardamar ɗaya ce. Wannan ya ce a juya su duka zuwa EPUB, tsarin littattafan kwamfuta da ake yayi yanzu, a goge tsofaffin, tunda ba mai sauke su, sai cika wuri da rikita mai nema. Wancan ya ce a bar su yadda aka same su, wanda ya matsu ya nemo hanyar buɗewa. A ganina dukansu sun yi wa tsofaffin fayiloli kuɗin goro. Cutar da ke damun wani daban take da ta wani, kuma tsufa shi ne mafi saurin warkewa a cikinsu.

Fayil jerin lambobi ne kawai. Abin da ake kira tsarinsa yarjejeniya ce da ke cewa daga lamba kaza zuwa kaza suna ne, daga nan jerin babi-babi, daga can rubutun da aka matse ta hanya kaza. Idan an rubuta yarjejeniyar an baza wa duniya, duk mai ilimin abin zai iya gina manhajar buɗewa ko bayan shekara hamsin. Idan kuwa tana kulle a aljihun kamfani, ran da kamfanin ya juya baya sai a koma lalube. Mai son ganin bambancin da idonsa ya kwafi wani fayil ɗin EPUB, ya sauya wutsiyarsa zuwa .zip, ya buɗe. Zai tarar kowane babi shafi ne irin na intanet, hotuna suna jakarsu, ga wani ɗan fayil da ke ɗauke da sunan littafi da na marubuci da jerin yadda babi-babin ke bin juna. Ko duk manhajojin karatun duniya sun ƙone, mutum zai iya karanta shi a haka. EPUB ya fito a 2007, kuma tun 2017 yana hannun W3C, ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojin shafukan intanet. PDF kuwa da farko kayan Adobe ne, tun 1993, sai a 2008 ya zama ƙa'idar hukumar ISO. Kafin nan, a 2005, an yanko masa wani reshe na musamman don ajiya mai tsawo, PDF/A, wanda ya haramta kulle fayil, ya kuma wajabta a cusa zanen haruffa a cikinsa.

A shekarun 1990 masana ajiya sun tsorata ƙwarai. Jeff Rothenberg ya yi wata maƙala a mujallar Scientific American a Janairun 1995, kuma barkwancinsa ne ya fi yawo a bakin mutane: bayanin kwamfuta yana dawwama har abada, ko shekara biyar, duk wanda ya riga zuwa. Ba da jimawa ba aka sami misalin da ya gaskata shi. A 1986 BBC ta tattara hotuna da taswirori da rubuce-rubucen mutane kimanin miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan makaranta, don cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday, ƙidayar filaye da dukiyar Ingila ta 1086. Aka zuba aikin a kan manyan fayafayan leza guda biyu da ba sa karantuwa sai da wata kwamfutar Acorn ta musamman da na'urar faifanta. Shekara goma sha biyar kacal, na'urorin da ke aiki suka zama na ƙirga da yatsu, alhali kundin 1086, da aka rubuta a kan fata, yana nan a Ma'adanar Ƙasa ta Birtaniya da ke Kew ana karanta shi. Sai a 2002 wani aikin haɗin gwiwa na jami'o'in Leeds da Michigan, mai suna CAMiLEON, ya farfaɗo da shi a kwamfutar zamani.

Labari ne mai daɗin bayarwa, shi ya sa ake yawan maimaita shi, amma abin da ya biyo baya bai bi hasashen ba. David Rosenthal, ɗaya daga waɗanda suka kafa shirin ajiya na LOCKSS a jami'ar Stanford, ya daɗe yana jayayya cewa tun da intanet ta bazu, da wuya ka nuna tsarin da ya taɓa yin farin jini sannan ya gagari buɗewa. Dalilinsa mai sauƙi ne: duk tsarin da miliyoyin mutane suka zuba kayansu a ciki, sai an sami wani mai naci da zai kwance shi. Tarihin Calibre ya isa shaida. A 2006 wani ɗalibi a Amurka, Kovid Goyal, ya sayi na'urar Sony PRS-500 ya tarar ba ta jituwa da Linux ɗin da yake aiki da shi, sai ya zauna ya gano yadda take magana da kwamfuta. Daga wannan haushin aka sami Calibre, manhajar da yau take buɗe LIT da LRF da MOBI ta juya su zuwa EPUB cikin daƙiƙoƙi, kyauta. Haka masu LibreOffice, manhajar aikin ofis ta kyauta, ta shirinsu na Document Liberation da suka kafa a 2014, suke kula da masu buɗe WordPerfect da CorelDraw da Microsoft Publisher da PageMaker. Saboda haka fayil ɗin LIT da ba a kulle ba, duk tsufansa, ba shi ne zai hana mai ma'adana barci ba.

Abin da ke hana barci kwaɗo ne. Yawancin littattafan da aka sayar a kantunan intanet an datse su da makullin hana kwafi, wanda ake taƙaita sunansa da DRM. Rubutun a birkice yake, kuma ba ya warwaruwa sai manhaja ta nuna shaidar da ta karɓo daga babbar kwamfutar kamfani. A LIT, matakin kulle mafi tsanani yana ɗaure littafi ne ga manhajar da aka yi wa rajista da asusun mai saye. Ran da kamfani ya kashe kwamfutar rajistar, littafin zai ci gaba da buɗuwa a tsohuwar na'urarka har ta mutu, daga nan shi ke nan. Kuma buɗaɗɗen tsari ba ya maganin wannan. A Afrilun 2019 Microsoft ya sake daina sayar da littattafai, a wannan karon na EPUB, kuma daga watan Yuli littattafan da mutane suka biya kuɗi suka saya suka daina buɗuwa. An mayar musu da kuɗinsu, har da ƙarin dala 25 ga wanda ya yi rubuce-rubuce a gefen shafi, to amma littafin ya tafi, sharhin gefen ma ya bi shi. Zanen aro ne mutane suka ɗaura suna zaton nasu ne. A Fabrairun 2025 Amazon ma ya toshe hanyar sauke littafin Kindle zuwa kwamfuta don turawa ta kebul, wadda ita ce ƙofar da masu son riƙe kwafinsu a hannu suka fi bi. Marubutan Hausa da masu karatunsu sun ɗanɗana makamancin haka lokacin da OkadaBooks, kantin littattafan intanet na Najeriya, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, aka shiga tambayar wa ke riƙe da kwafin me.

A nan fasaha ba ta gaza ba, domin yawancin waɗannan kwaɗuna an san yadda ake ɓalle su. Doka ce ta tsaya a ƙofa. Dokar Amurka ta 1998, DMCA, ta mai da ɓalle kwaɗon laifi mai zaman kansa, ko da abin da za ka yi da littafin bayan ka buɗe halal ne. A Yulin 2001 aka kama wani masanin manhaja ɗan Rasha, Dmitry Sklyarov, a Las Vegas saboda manhajar kamfaninsu da ke cire kwaɗon littattafan Adobe. Kotu ta wanke kamfanin a ƙarshen 2002, amma saƙon ya isa kunnen kowa. Duk bayan shekara uku Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana fitar da jerin sassauci, kuma a 2018 an ba ɗakunan karatu da ma'adanai damar ɓalle kwaɗon tsofaffin manhajojin da suka bar kasuwa don adana su. Sassauci ne mai iyaka, mai wa'adi, na ƙasa ɗaya. Shi ya sa ma'adanar da ta san ciwon kanta take neman kwafi marar kwaɗo daga mawallafi tun yana raye, kamfaninsa na tsaye. Idan kulallen kwafi kaɗai ke akwai, ta ajiye shi a haka, ta rubuta a kundi cewa kulle yake, ta jira ranar da doka ko magadan haƙƙin za su ba da hanya.

To wanda aka juya lafiya fa, me zai hana a goge tsohon? Ai juyi kwafi ne, kuma duk mai kwafi yana tuntuɓe. Bayanan ƙasan shafi sukan rabu da lambobinsu. Jadawali yakan wargaje ya koma dogon layi ɗaya. Baitocin waƙa sukan manne su zama zube, lambar shafi da ɗalibi zai kafa hujja da ita ta ɓace. Mafi muni, ba ƙararrawar da ke kaɗawa: manhaja za ta ce an gama lafiya, kuma ba wanda zai zauna ya duba littafi dubu goma shafi-shafi. Sai bayan shekara takwas wani mai bincike ya lura babi na sha biyu ya yanke a tsakiya. Idan asalin yana nan, gyaran minti biyar ne, kuma da manhajar da ta fi ta bara ƙwarewa. Idan an goge shi, an ga hadari an zubar da ruwan tulu. Hujjar cika wuri kuwa ba ta tsayuwa ga littattafan rubutu zalla: irin wannan littafi da wuya ya wuce megabait ɗaya, wato dubu goma za su shige filas mai gigabait 16 har da sauran wuri. Ƙorafin da ke da ƙarfi shi ne na rikita mai karatu, kuma maganinsa a kawar da tsohon daga kanta a kai shi sito, mai nema ya ga EPUB da PDF a gaba, mai bincike ya san inda zai tambaya.

Internet Archive a kan wannan rabon yake tafiya: akwai abin da aka ɗora na asali, akwai 'ya'yan da injinsa ke haifarwa daga gare shi. Shekaru da dama yana yi wa kowane littafi kwafin DjVu, tsarin da aka ƙirƙira a ɗakin binciken AT&T a 1996. Da tsarin ya rasa kasuwa, a 2016 ya daina yin sa, ba tare da an yi asarar komai ba, domin hotunan shafukan na asali suna nan. Wani kuskuren da ake yawan yi kuma shi ne juya fayil daga tsarin wani kamfani zuwa na wani kamfanin don shi ne ke tashe a yanzu, gudun gara a faɗa gidan zago.

Akwai kuma littattafan da ba su juyuwa sam, domin rabinsu manhaja ce. Waɗanda kamfanin Voyager ya yi a kan HyperCard a farkon shekarun 1990, da littattafan yara masu motsi da aka gina da Flash kafin a binne shi a ƙarshen 2020, in ka tatse rubutunsu ka bar sauran, ka kashe abin. Hanyarsu ita ce ta Domesday: a sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa, tsohuwar manhaja ta yi aiki a cikinta tana zaton tana gida. Wannan yana nufin ma'adanar littattafai dole ta zama ma'adanar manhajoji, da fayafayan sakawa da lambobin lasisi da littafin bayani. Kafin duk wannan ma sai ka san me ke hannunka, don wutsiyar fayil tana ƙarya. Tsoffin fayilolin .doc ba duka ne na Word ba, .pdb kuwa tsare-tsare barkatai ne ke amsa sunan. Ma'adanar Ƙasa ta Birtaniya tana riƙe da rajistar tsare-tsare mai suna PRONOM, da manhajar DROID da ke leƙa cikin fayil ta nemi tambarinsa, irin ITOLITLS ɗin nan, ko BOOKMOBI da ke zaune bayan bait 60 na farko a fayil ɗin MOBI.

Masu son sauƙi sukan kawo Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, su ce rubutu tsura shi ne magani, ga shi fayilolinsa na farko har yau suna buɗuwa. Gaskiya ne, ga mai Turanci. Jadawalin ASCII da aka gina wancan sauƙin a kansa gurbi 128 gare shi, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Daga nan tamu matsalar ta samo asali, kuma ba ta cikin rajistar kowa.

Unicode, jadawalin haruffan harsunan duniya, ya ba haruffanmu masu lanƙwasa lambobinsu tun farkon shekarun 1990, amma kwamfutocin da ke ofisoshi da shagunan buga takardu sun daɗe ba su iya nuna su ba. Mafitar da aka samu ita ce zanen haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, waɗanda suka yi wa ɗab'in Hausa hidimar da ba a biya. Dabarar irin waɗannan zane ita ce aron gurbi: a wasu, in ka danna q sai ƙ ya fito, x ya ba da ɗ, v ya ba da ɓ; a wasu kuma an ɗora su a kan alamomin baka. Ido yana ganin ƙasa, fayil yana riƙe da qasa. Muddin zanen yana cikin kwamfutar, lafiya lau. Ran da aka kai fayil ɗin wata kwamfutar, asiri ya tonu. Ko PDF ɗin da aka cusa wa zanen, wanda ya cika duk sharuɗɗan PDF/A, a allo zai fito tsaf, amma ka nemi kalmar ƙasa a cikinsa ba za ka samu ko ɗaya ba, kuma manhajar da ke karanta wa makaho za ta yi ta furta shirme.

Wata marubuciya da na sani ta so sake buga littafinta na farko, wanda aka tsara mata a wani shago a Kano a ƙarshen shekarun 1990. Ta koma shagon, mai shi ya ce, "Hajiya, ai wannan kwamfutar an yi mata fomatin ya fi sau biyar." Da ƙyar, a wata tsohuwar jaka, aka tono faifan CD mai fayiloli masu wutsiyar .p65, wato PageMaker, manhajar da masu tsara littattafai suka yi yayi kafin Adobe ya yi mata sigar ƙarshe a 2001 ya koma kan InDesign. Sababbin InDesign ɗin ma sun daina buɗe su. Abin da muka fara yi shi ne kwafe faifan gaba ɗaya, muka ajiye kwafi ɗaya gefe da niyyar ba mai taɓa shi, sannan muka buɗe ɗayan da LibreOffice. Tsarin shafukan ya ɗan goce, amma rubutun ya fito. Layin farko: "Xan'uwana, na qosa in ganka."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, na umarci kwamfuta ta mai da kowane x ya zama ɗ, q ya zama ƙ, v ya zama ɓ. Cikin ƙiftawar ido ta gama, muka yi murna. Sai da muka kai tsakiyar littafin muka ga Babi na ƊIƁ, wato XIV. Inda jarumar ta kunna TV, ta koma kunna TƁ. Wasiƙar Turanci da saurayin ya aiko daga Legas kuwa ba ta karantuwa. A asali mai taifin ya riƙa sauya zanen haruffa duk inda ya zo kalmar Turanci, kuma wannan sauyin shi kaɗai ne shaidar wane x ne ɗ, wane ne x na gaskiya. Ni da na tatso rubutun tsura na zubar da shaidar. Da a ce mun goge na asalin bayan murnar farko, sai dai mu bi littafin da zato. Muka koma kansa, muka sake juyin ta hanyar bin sunan zanen da ke kan kowace kalma.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba, ta ce sai an yi darasu irin na alarammomi. Ta riƙe tsohon bugun da ya yi ja don tsufa tana karantawa da ƙarfi, ni ina bi a allo. A yini na biyu ta karanta wata jimla da babu ita a fayil ko ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta tuna: ranar da za a kai aikin maɗaba'a ta ga an tsallake layi, ba lokacin komawa kan kwamfuta, sai aka buga layin daban aka yanka aka manna a kan takardar tiresin da za a ƙona faranti da ita. Mun sami irin wannan gyara har wuri huɗu. Fayil ɗin da muke ta lallaɓawa a matsayin uwa, ashe bai taɓa zama daidai da littafin da mutane suka karanta ba.

A jakar da muka rufe aikin da ita akwai fayilolin .p65 yadda suka fito daga faifai, kowanne da lambar SHA-256 da za ta nuna in wani abu ya sauya a cikinsa, da zanen haruffan da aka yi aikin da shi, da hoton kowane shafi na tsohon bugun, da sabon EPUB mai haruffan Unicode. Sai ɗan fayil na rubutu tsura da ya faɗi wace manhaja aka yi juyin da ita, a wace rana, x da q da v me suke wakilta, da lambobin shafuka huɗun nan da aka ɗauko layukansu daga takarda. Kwafi ɗaya yana wurinta, ɗaya wurina, na uku ta aika wa ɗiyarta a Zariya.